Ranar da Tifa Ta Ja Ni Daga Lakwaya

Da ƙafa ɗaya na yi shekara biyar ina tuƙa a-kori-kura tsakanin Kabo da Gwarzo, kuma in ka cire matata babu mahaluƙin da ya sani. Ƙafar hagun tana nan a jikina, ina sa mata takalmi, ina tafiya da ita da ɗan ɗingishi, amma ba ta da ƙarfin taka komai. Tun da wani mai babur ya kwashe ni a bakin tasha gwiwar ta farfashe, aka yi ɗori, ƙashi ya kama, ƙarfi bai dawo ba. In na matsa mata sai ta saki, wani zafi ya taso daga gwiwa ya soke ni har ƙugu. Ni kuwa direba ne tun ina saurayi, ban iya noma ba, ban iya ciniki ba, kuma direban da ba ya iya taka kuloci ya tashi daga aiki.

Shekara biyu na yi a kan tabarma a ƙofar gidana a Kabo. Na san duk akuyar unguwar da lokacin wucewarta. A cikin shekarun nan surukina, mahaifin matata, wanda nake kira Baba, shi ya riƙe gidana daga Lakwaya. Kowace kaka sai a sauke buhun dawa da na gero a zaure, a ce in ji Baba, yana gaishe ni da jiki. Bai taɓa yi mini gori ba, ko a fuska. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, don kowace loma na kai baki sai na tuna daga rumbun wa ta fito.

Da na ga zaman zai kashe ni, na sayar da 'yar gonar da na gada, wadda dama ban taɓa kai mata fartanya ba, na shiga Kano neman mota. A can na ci karo da ita, an ajiye ta a ƙarshen layi, ƙura ta rufe ta. Tsohuwar a-kori-kura ce 'yar Kwatano, fara, mai kujera biyu, bodinta duk tabo. Babu mai kallonta saboda otomatik ce, ita take canza wa kanta giya. Mutanenmu kuwa ba sa son irinta, suna cewa motar mata ce, ba ta ɗaukar wahala. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari na ga abin takawa biyu ne kacal, birki da totur, duk na ƙafar dama. Na shiga na zauna, na tayar da ita, na ja sandar giya, ta fara tafiya da kanta a hankali. Sai da na fita daga filin na sami gefen hanya na tsaya, don hawaye ya hana ni ganin titi.

A nan na yi wautar da ta bi ni. Da na dawo Kabo aka taru ana taya ni murna, wani ya ce ashe ƙafa ta warke. Maimakon in ce a'a, sai na ce Alhamdu lillahi, sauran ɗan tsami ne kawai. Aka ce to me ya kai ni sayen otomatik, na ce arha na samu. Da na shiga gida na ce wa matata kada ta kuskura ta gaya wa kowa a gidansu. Ta ce, "Malam, ciwo ai ba abin kunya ba ne." Na ce na ji, amma ni dai na faɗa mata. Na gaji da zama abin tausayi, so nake in shiga Lakwaya da mota a ce mijin 'yarsu ya miƙe, kuma haka aka ce.

Makanikena a Gwarzo yake, wani baƙi gajere mai yawan tsiya, wanda ya yi zaman gareji a Kano kafin ya dawo gida. Ranar da na fara kai masa ita ya zagaye ta sau biyu yana girgiza kai, ya zare ma'aunin man giya, ya shafa a farin takarda, ya shinshina. Man ja ne garau.

Ya ce, "Ka yi sa'a, mai ita na farko ya san darajarta. Bari in gaya maka gaskiya, irin wannan tsohon giyabos ɗin, wato akwatin giya, in aka kula da shi sai bodi ya ruɓe yana nan. Abu ɗaya ne ajalinsa, zafi. Kada ka yi mata lodin hauka. Kada ka sa ribas tana tafiya. Kada ka bar wani ya zuba mata baƙin mai. Sannan ko mutuwa ta yi maka a daji, kada ka yarda a ja ta da igiya injin a kashe, sai an kwance farfela, dogon ƙarfen nan da ya haɗa giyabos da tayoyin baya."

Na ce me ya sa. Ya ce injin ne yake zagaya da mai a cikin giyabos, in injin ba ya aiki man yana kwance a ƙasa, tayoyin baya kuwa suna juya farfela, farfela tana juya kayan ciki a bushe, sai su ci junansu. Ya ƙara da cewa in ya mutu kada in zo masa da kuka, don a duk Gwarzo babu mai buɗe shi ya mayar daidai, shi ma bai iya ba.

Na riƙe maganar nan kamar karatun sallah. Kullum da safe sai na bar ta ta ɗumama, in zare ma'auni in duba launi, in shinshina. 'Yan kasuwa sun sha yin fushi da ni a kan lodi. Mutum ya kawo buhu goma sha biyar, in ce goma zan ɗauka, in dawo in kwashi sauran. Su ce wannan wane irin direba ne mai tausayin ƙarfe. In ce eh, wanda bai yarda ba ga titi nan. Har suna suka sa mini a tasha, wai mijin amarya, saboda yadda nake lallaɓa ta. Ban damu ba. Su suna da ƙafa biyu, ni kuwa in giyabos ɗin nan ya tafi, tabarma ce take jirana. Shekara biyar ba ta taɓa ba ni kunya ba, na kai masara, na kai taki, na kai kayan ɗakin amare, na daina karɓar hatsin Lakwaya, har ni nake kai wa Baba buhun shinkafa da azumi.

Wata Juma'a ce a farkon damina na kai masa taki. Na sauke a zaure, na cire takalmi, na yi irin tsugunon da na ƙware a kansa, dama ta lanƙwashe, hagu ta ɗan miƙe a cikin babbar riga. Muka gaisa, ya tambayi 'yarsa da jikokinsa da mutanen Kabo da ruwan sama, ni kuma kaina a ƙasa ina amsawa. Shekara goma sha shida ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma bai taɓa faɗar magana na ce ba haka ba. Haka muka taso muka gani, ban kuma taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai ranar.

Bayan an sauko daga masallaci na yi sallama na shiga mota, na murɗa makulli. Sai ƙas. Na sake, ƙas. Fitila tana kawowa, hon yana yi, kik ɗin da yake tayar da injin ne ya ƙi. Na fito na buga shi da sifana, na sake gwadawa, ko motsi. Kafin in ɗago mutanen da suka fito daga masallaci sun kewaye ni.

Wani ya ce, "Shiga mu tura."

Na ce ai ita wannan ba ta tashi da turi. Suka yi dariya. Wani dattijo ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin motar da aka tura ta ƙi tashi ba, in dai da mai a cikinta. Na buɗe baki zan yi bayani sai na ji muryar Baba a bayana, a hankali, yana cewa in shiga, mutane suna so su taimaka. Na shiga. Maza wajen goma sha biyar da fararen kayan Juma'a suka tura ni har gindin rimi, suna ta cewa in saka mata giya. Suka juyo da ni suka sake turowa. Sau uku. Ina zaune ina riƙe da sitiyari kamar gunki, ina jin haushinsu, ina kuma jin kunyarsu, don gumi ya jiƙa musu riguna a banza.

Na ce ba komai, a bar ta nan ta kwana, gobe in zo da makanike. Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ya ce ba za a bar motar da iyali suke ci daga gare ta a waje cikin ruwa ba, kuma ba za a ce surukinsa ya zo Lakwaya da mota ya koma a kan babur ba. Akwai wata tifa da ta kawo yashi don ginin makarantar Islamiyya, ta sauke za ta koma ta wajen Kabo. Ya aika aka kira direban, wani dogon mutum mai jan ido, ya yi masa magana. Direban ya ce ai Baba ko Kano ya ce a kai ta sai a kai. Nan da nan aka fito da wata igiya mai kaurin damtse.

Na matsa kusa da Baba, na rage tsawo, na ce, "Baba, da dai an kwance farfela tukuna."

Ya ce, "Mece ce farfela?"

Na nuna ƙarƙashin motar. Ya ce, "A'a, kada a fara kwance mota a ƙauye babu makanike. In aka ɓatar da wani abu fa? A kai ta yadda take."

Direban tifar ya sa baki, wai shekararsa ashirin yana jan motoci, a cire ta daga giya a sa ta a firi kawai, babu abin da zai same ta. Na dube shi, da ido yana kisa da ya faɗi a wurin. Ƙusa huɗu ne fa suke riƙe da farfelar nan, kuma sifanar tana hannuna. Amma sai na kwanta a ƙasa na shige ƙarƙashin mota, kuma na san in na kwanta ba zan iya tashi ba sai an kama ni an ɗaga, a gaban Baba da rabin Lakwaya. Sannan ga shi ya riga ya ce a'a. Na tsaya da sifana a hannu ina lissafin abin da ya fi muni, har aka gama ɗaura igiya ban zaɓa ba.

Abin da ya ƙarasa ni, Baba ya tattara rigarsa ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga. Ya ce zai raka ni, dama ya kwana biyu bai ga jikokinsa ba. Ya leƙa ta taga ya ce wa direban tifa, "Har ƙofar gida."

Na roƙi direban ya tafi a hankali, ya ce in sha Allahu. A cikin gari ya yi hankalin. Muna fita ya manta da ni. Tifar da babu kaya a cikinta gudu take kamar an kore ta, ga hadari a bayansa yana so ya tsere masa. Igiya ta miƙe, motata ta bi. Injin a kashe, sitiyari ya yi tauri, birki ya zama dutse, ba na ganin komai a gabana sai ƙofar bayan tifa da ragowar yashi da yake watso mana a gilashi. Ba ni da ikon tsayawa, ba ni da ikon kaucewa. In na taka birki da ƙarfi igiya ta tsinke ko mu kife, ga tsoho a gefena.

Baba kuwa ya gyara zama, ya fito da carbi. Ya ce, "Ashe motar nan ba ta da ƙara. Kamar a ɗaki."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ni kaɗai nake jin abin da yake faruwa. Giyabos ɗin yana nan ƙarƙashin sandar giya, tsakanina da shi, ƙarfe ɗaya ne ya raba mu. Da farko wani siririn kuka ne, wanda in ba ka shekara biyar kana sauraron motar ba ba za ka ji shi ba. Yana tashi in tifa ta ƙara wuta, yana sauka in ta rage. Na sauke hannuna a ɓoye na taɓa ƙasan wajen, da ɗumi. Baba yana nuna mini gonaki, wannan ta wane ce ya yi sammakon shuka, waccan ta marayu ce ba a kai mata taki ba. Ina cewa haka ne, Baba, Allah ya ba da damina mai albarka. A zuciyata kuwa ina zagin direban tifa, ina zagin mai babur ɗin da ya karya ni, ina zagin kaina fiye da kowa. Magana ɗaya ce a bakina: Baba, a tsaya, motar tana ƙonewa, kuma in ta ƙone ba ni da wata. Na jera ta a raina ya fi sau ashirin. Duk sanda na juyo zan faɗa sai in ga gefen farin gemunsa, in mayar da kai titi.

Na sa rai da Gwarzo. Na ce in mun shiga gari dole ya rage gudu, in yi masa hon ya tsaya, in ce a ajiye ta a garejin makanikena, wannan ba musu da Baba ba ne. Muka shigo, na hango rumfar garejin, na danna hon na riƙe. Direban tifa ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mini, wai yana amsa gaisuwa. Na sake dannawa, ya sake ɗagawa, har da jinjina. Muka wuce garejin ina kallonsa ta madubi. Baba ya ce in daina damun mutane da hon, ai ya san hanya.

Daga Gwarzo zuwa Kabo ban san sau nawa na bi hanyar nan ba, amma ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Ruwa ya sauko, muka rufe gilashi, sai ƙaurin ya cika motar. Wanda ya taɓa jin ƙaurin man giya da ya ƙone ba ya manta shi. Baba ya shinshina ya ce mutane ba sa jin magana, ana ruwa ma sai sun ƙona taya. Na sake taɓa ƙasan, na janye hannu da sauri. Kukan ya daina zama siriri, ya koma gurnani, can kuma sai na ji wani abu ya saki a ciki, motar ta yi ɗan tsalle, gurnanin ya ragu. Daga nan ban ƙara jera wata magana a raina ba, na riƙe sitiyari kawai har ƙofar gida.

Na fito a cikin ruwa na yi wa direban tifa godiya. Na yi wa Baba godiya. Matata ta fito da murnar ganin mahaifinta, ta dubi fuskata, murnar ta tsaya.

Washegari makanike ya zo ya gyara kik a cikin abin da bai kai rabin awa ba, wata 'yar waya ce ta saki. Injin ya tashi lafiya lau. Ya zare ma'aunin man giya, man ya fito baƙi da ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki. Bai ko shinshina ba. Ya sa giyar gaba, injin ya yi ta ihu motar tana rarrafe. Ya sa ribas, ko gezau.

Ya ce, "Da me na ce maka?"

Na ce surukina ne ya sa. Ya goge hannunsa da tsumma. Shi ma yana da suruki.

Aka kwance farfela, yanzu da ba ta da amfani, aka ja ta zuwa Gwarzo. Na ce masa otomatik nake so a nemo, irin nata. Ya ce haba, ga dama ta samu, a mayar da ita manuwal mai kuloci mana kowa ya huta, kayan suna nan birjik, ko a ƙauye aka lalace za a gyara. Na ce ni dai otomatik. Ya ce wannan taurin kan nawa ba ya gane shi. Ya shiga Kano ya kawo wani giyabos na hannu, aka ɗaura, ya yi kwana biyu ya fara zamewa, aka mayar. Ya kawo na biyu, shi kuma tun a gareji ya ƙi shiga ribas. Ya ce irin na tsofaffin nan sun yi wuya, masu kyau suna jikin motocinsu, waɗanda ake cirewa dama sun gaji ne. Ya ce in ba shi lokaci, akwai wanda ya yi masa alkawari daga Legas.

Na koma tabarma. Mako ɗaya, biyu, har shida. Akuyoyin unguwa sun canza amma lokacin wucewarsu yana nan. Matata ta ce in bari ta je ta gaya wa Baba komai, na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, ta yi kwana biyu ba ta yi mini doguwar magana ba. Ina tsoro, gaskiya ke nan. Ina tsoron buhun dawa ya sake sauka a zaurena.

Abin da ban sani ba, Baba ya je kasuwar Gwarzo, ya ga motar a kan duwatsu, ya tsaya ya tambaya. Makanike kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, ya gaya masa jan da aka yi mata ne ya kashe ta. Sai Baba ya tambaya wane gyara ne wanda in an yi shi ba za a sake jin kanta ba. Makanike ya ce manuwal. Baba ya ce ƙafar yaron fa? Makanike ya ce ai ta warke tuntuni, shi da bakinsa yake faɗa a tasha. Baba ya sayar da bijiminsa guda na huɗa, a tsakiyar damina, ya ce a yi aikin, kada a gaya mini sai an gama.

Ranar wata Laraba aka aiko in zo Gwarzo, mota ta tashi. Na hau babur ina ta murna, a zatona na Legas ne ya iso. Na tarar da ita an wanke ta tana sheƙi, Baba yana zaune a kan benci da sabuwar hula, ga abokan aikina na tasha uku sun zo kallo. Na tsuguna na gaishe shi. Ya ce, "Ni na ɓata, ni na gyara. Ka yafe mini." Ya miƙo mini makulli da hannunsa.

Na buɗe ƙofa na ga an yanka ƙasan motar an fito da wata doguwar sandar giya. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari, abin takawa uku. Makanike yana bayana yana zuba, wai ya cire duk wayoyin banzan nan ya zubar, tsohon giyabos ɗin ma 'yan gwangwan sun ɗauke, yanzu ko jikokina sai sun gaji motar nan. Baba ya zagaya ya shiga ɗaya kujerar, ya ce mu je in kai shi Kabo.

Na zauna. Na ɗaga ƙafar hagu da hannuna, a ɓoye a cikin riga, na ɗora ta a kan kuloci. Na ce Bismillahi na taka. Ya shiga kamar faɗin yatsa biyu, gwiwar ta saki, zafin ya soke ni har sai da na ga duhu. Na sake, na haɗa da nauyin jikina duka, na ciji leɓe. Ƙafar ta zame ta faɗi gefe. Na gwada da ta dama, kuloci ya shiga, giya ta shiga, amma da na ɗaga don in koma totur sai motar ta yi tsalle ta mutu. 'Yan tasha suka yi dariya, wani ya ce mijin amarya ya manta tuƙin maza. Na sake tayarwa, ta sake mutuwa. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan sitiyari.

Baba bai yi dariya ba. Ƙafar yake kallo, tana rawa ita kaɗai a ƙasa.

Na ce, "Baba, ba ta takawa."

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da aka buge ni. Ba ta taɓa warkewa ba. Waccan giyar ce take tuƙa ni."

Ranar ce na fara ɗaga kai na dube shi a ido. Ban ga fushi ba, da na gani da na samu sauƙi. Bakinsa ya motsa kamar zai yi tambaya, na san kuma tambayar, me ya hana ni faɗa a hanya, muna zaune kafaɗa da kafaɗa tun daga Lakwaya. Bai yi ta ba, ina jin ya san amsar. Ya kira makanike ya tambaye shi ko za a iya mayar da ita yadda take. Makanike ya sosa ƙeya, ya dubi ramin da ya yanka, ya dubi inda wayoyin suke a da, ya ce gaskiya, Baba, sai dai wata motar.

'Yan tasha suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Makanike ya ce bari ya kai mu gida da kansa. Na fito daga mazaunin direba, na dafa bodi na nufi baya, don kujera biyu ce kuma Baba yana kan ɗaya. Kafin in kai ya riga ya sauko. Ya ce in shiga gaba. Na ce haba Baba, wallahi ba zan iya ba. Ya ce, "Da wace ƙafar za ka hau bayan?" Ya tattara babbar rigarsa, ya taka taya, ya haye bodi da ƙyar, ya zauna a kan safayar taya ya riƙe ƙarfe da hannu biyu.

Na shiga na zauna a kujerar fasinja. Makanike ya taka kuloci, ya sa giya, muka hau titin Kabo.